Bayan sabunta kanel, NetworkManager ya ƙi mutuwa ko da kill -9 (Disamba 2023)

Mai Laftof: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman taimako. Debian 12 ne a laftof ɗina. Na yi `apt upgrade` ya sauko da sabon kanel, wato zuciyar Linux, mai lamba 6.1.0-15. Da na sake kunna na'urar, Wi-Fi ya kama na ɗan lokaci, sai komai na netwok ya tsaya cak. Na buga `ip a` bai dawo da komai ba, Ctrl+C ma ba ya fitar da ni. Na buɗe wata taga na rubuta `sudo systemctl restart NetworkManager`, sai sudo ɗin kansa ya maƙale tun kafin ya tambayi kalmar sirri. Na shiga da `su -` na yi `kill -9` a kan NetworkManager da wpa_supplicant, manhajojin da ke kula da netwok da Wi-Fi. Bai nuna kuskure ba, amma in na duba `ps` suna nan daram. Kashe na'urar ma ya gagara, tana tsayawa ne a kan layin da ke cewa ana jiran Network Manager. Da waya nake rubuto wannan.

Mai Kafe: Wa alaikumus salam. Waɗannan zombi ne ɗan'uwa. Ba a kashe zombi da kill, uwar da ta haife shi ake kashewa. Ka nemo lambar uwar ka kashe ta, za su ɓace.

Malam Na Saba: Wa alaikumus salam. Mai Kafe, a dakata tukuna. Uwar waɗannan biyun systemd ce, mai tayar da sabis-sabis na na'urar, lamba 1, ba abin taɓawa ba ce. Kuma zombi furoses ne (aikin wata manhaja a na'ura) da ya riga ya mutu, sunansa kawai ya rage a jadawali har uwarsa ta karɓi sakamakonsa. Ba ya riƙe komai, ba zai hana `ip a` aiki ba. Ƙanena, buga mana wannan ka faɗi harafin farko da ke ƙarƙashin STAT, wato halin da furoses ke ciki, a kowane layi:

`ps -eo pid,stat,wchan:32,cmd | grep -E 'Network|wpa|ip a|sudo'`

Mai Laftof: Malam duk D ne. NetworkManager D, wpa_supplicant D, `ip a` ɗin da na buga tun ɗazu D, sudo ma D. Babu Z ko ɗaya.

Mai Kafe: To ba zombi ba ne ke nan. Amma ni dai a sanina -9 ba ya barin kowa. Ta yaya furoses zai ƙi shi?

Malam Na Saba: Ba ƙi ya yi ba, saƙon ne bai kai gare shi ba. Mutane da yawa suna ɗaukar `kill -9` tamkar hannu ne da ke fizge furoses daga ƙwaƙwalwar na'ura. A'a, sigina ce. Kanel yana rubuta wa furoses ɗin cewa akwai hukuncin kisa a kansa, amma ba a zartarwa sai lokacin da furoses ɗin zai fito daga cikin kanel ya koma ɓangaren mai amfani. Wanda ke barcin S, siginar tana tashinsa, ya fito, ya mutu nan take. Wanda ke barcin D ya shiga cikin kanel ne yana jiran wani abu, kuma ya kwanta da sharaɗin kada sigina ta tashe shi. An yi hakan da gangan, domin yana tsakiyar aiki ne a kan bayanan kanel, in aka cire shi a nan za a bar su rabi da rabi. A al'ada wannan barcin bai kai ƙiftawar ido ba, faifai ya amsa, a wuce. Matsala tana zuwa ne idan abin da ake jira ba zai taɓa zuwa ba.

Shi ya sa kill ɗinka bai nuna kuskure ba. Ya isar da saƙo, aikinsa ya ƙare. In ka duba `/proc/LAMBA/status` (LAMBA ita ce lambar furoses ɗin) za ka ga siginar tana ajiye a layin SigPnd ko ShdPnd tana jira.

Saboda haka a bar maganar yadda za a kashe su. Abin tambaya shi ne me suke jira, kuma wa ke riƙe da shi. Tun da kana ciki da su, yi `cat /proc/LAMBA/stack` ga `ip` da kuma wpa_supplicant. Sannan `echo w > /proc/sysrq-trigger` ka karanta `dmesg`, zai zubo maka duk masu barcin D da inda kowa ya tsaya.

Hajiya Admin: Ƙari a kan na Malam: ka nemi layin da ke cewa "blocked for more than 120 seconds" a dmesg. Kanel yana da mai gadi da ake kira khungtaskd, duk wanda ya wuce daƙiƙa 120 a D bai motsa ba sai ya rubuta sunansa da jerin kiran da ya kai shi wurin. Ka fi mai da hankali a kan wanda ke da sunan direba ko na wani sashen kanel a jerinsa. Saura yawanci 'yan bin layi ne.

Mai Laftof: Hajiya na gani. Na `ip` gajere ne, akwai `__netlink_dump_start` da `rtnetlink_rcv_msg`. NetworkManager da sudo ma kusan haka. Na wpa_supplicant ne daban, akwai `__mutex_lock` a sama, ƙarƙashinsa layuka masu farawa da nl80211 kuma an rubuta cfg80211 a gefensu, sai `genl_rcv_msg`.

Hajiya Admin: Shi ke nan, an kama shi. Wace irin na'urar Wi-Fi ce? Ta cikin laftof ɗin ce ko ta USB?

Mai Laftof: Ta cikin ta lalace tun tuni. Ƙaramar ta USB ce, direbanta ba ya cikin kanel, da dkms, mai gina direbobin waje, na girka shi.

Hajiya Admin: To wannan sananniyar matsala ce ta wannan makon, ba daga wajenka ba ne, kuma ba laifin NetworkManager ba ne. 6.1.0-15 na Debian shi ne Linux 6.1.66, wanda ya zo da Debian 12.4 ranar 10 ga Disamba 2023. A cikinsa akwai wani faci, wato ɗan gyara, a sashen Wi-Fi na kanel, cfg80211, mai taken "fix CQM for non-range use". CQM shi ne tsarin da wpa_supplicant ke roƙon kanel da shi ya sa ido a kan ƙarfin siginar Wi-Fi, ya sanar da shi in ta faɗi ƙasa da wani mataki. An rubuta facin ne don sabon reshen kanel, inda aka riga aka cire wani kwaɗo da ake kira kwaɗon wdev (kwaɗo a kanel shi ne abin da ke hana aiki biyu taɓa bayanai ɗaya lokaci guda). Da aka ɗauko shi zuwa 6.1 da 6.6, inda kwaɗon yake nan har yanzu, sai ya zama aikin `nl80211_set_cqm_rssi` yana kulle kwaɗon, in ya tarar direba bai iya wannan sa idon ba sai ya fita da kuskure ba tare da ya buɗe ba. Direbobin da suka iya ba sa bin wannan hanyar, shi ya sa mutane da yawa suka sabunta lafiya ƙalau, wasu kuma na'urarsu ta daskare.

Ɗalibar Kwamfuta: Hajiya don Allah a yi min bayani. Na fahimci Wi-Fi ya mutu. Amma me ya haɗa sudo da Wi-Fi? Shi da aikinsa ba da izini ne kawai.

Malam Na Saba: Tambaya mai kyau, kuma a nan ne darasin yake. A kanel akwai wani babban kwaɗo guda ɗaya tal, RTNL, wanda duk mai son canja tsarin netwok sai ya riƙe shi, kuma a 6.1 har mai son karanta jerin katunan netwok ma sai ya riƙe shi. Ki ɗauka mai gadin sito ne ya kulle ɗakin ciki ya fita bai buɗe ba, daga baya ya dawo riƙe da mabuɗin babbar ƙofa ya tsaya a bakin ɗakin yana jiran a buɗe masa. Ba mai buɗewa, shi kuma ba zai saki mabuɗin babbar ƙofa ba, sai layi ya taru a waje. Haka ya faru: wani kira ya riƙe RTNL, ya je ɗaukar kwaɗon wdev da aka bari a kulle, ya kwanta a nan. Kwaɗon kanel ba ya duba cewa ai kai ne ka kulle ni ɗazu, ko mai shi ne ya sake nema sai ya jira.

Shi kuma sudo, da zarar ya tashi yana karanta adireshin katunan netwok na na'urar, saboda a sudoers ana iya rubuta doka da ta dogara da adireshin IP. Wannan karatun ta netlink yake bi, netlink ya nemi RTNL, sai ya shiga layi. Akwai layin `Set probe_interfaces false` da ake sawa a `/etc/sudo.conf` ya hana shi wannan binciken. Ni ina sa shi a sabobin da nake kula da su tun kafin a shiga matsala, domin ranar da netwok ya maƙale ita ce ranar da aka fi buƙatar sudo.

Ɗalibar Kwamfuta: Na gode Malam. Ke nan duk manhajar da ta tambayi jerin katunan netwok za ta maƙale, ko da ba ta da niyyar shiga intanet?

Malam Na Saba: Ƙwarai. Burauza ma kan ƙi buɗewa. Kuma in kika duba `uptime` za ki ga nauyin na'ura yana ta hawa alhali furosesa (CPU) ba ta aikin komai. Linux tana ƙirga masu barcin D a cikin wannan lissafin tun 1993. Duk umarnin da ya sake bugawa ya maƙale, lambar ta ƙaru da ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya tafi neman abin da ke cin furosesa a `top`, ba zai samu ba.

Mai Kafe: To ya cire direban mana. `rmmod -f` ko ya zare USB ɗin kawai.

Hajiya Admin: Kada ya yi. Cire katin netwok daga rajistar kanel shi ma sai da RTNL. rmmod zai shiga D, in kuma ya zare USB ɗin, ma'aikacin kanel mai kula da tashar USB ne zai maƙale, daga nan ko waya ya jona ba za ta fito ba. Kwaɗon da aka bari a kulle a cikin kanel ba shi da magani daga waje, sai sake kunnawa. Abin da ya rage masa shi ne ya sake kunnawa ba tare da ya yi asarar fayil ba.

Ƙanena, ka ajiye duk abin da kake aiki a kai, ka rufe. Sannan daga tagar da kake root:

`echo s > /proc/sysrq-trigger`
`echo u > /proc/sysrq-trigger`
`echo b > /proc/sysrq-trigger`

Ka ɗan jira tsakanin kowanne. Na farko yana zuba abin da ke ƙwaƙwalwa a faifai, na biyu yana mayar da faifai karatu kaɗai, na uku yana sake kunnawa nan take. Ya fi danne maɓallin wuta nesa ba kusa ba. Jiran da kake gani wajen kashewa kuwa, systemd ne ke ba sabis daƙiƙa 90, in bai tsaya ba ya aika masa SIGKILL, wato dai abin da ka riga ka gwada da hannunka.

Ɗan Arch: Yana tashi ya shiga Advanced options a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa in an kunna na'ura, ya zaɓi kanel ɗin da ke ƙasa da sabon, wanda yake kai kafin ya sabunta. Magana ta ƙare.

Hajiya Admin: A'a, a'a. Ka tsaya ka karanta lambar kafin ka danna. In 6.1.0-14 ne a ƙasan, an gudu ba a tsira ba. Shi ne 6.1.64, mai matsalar lalata bayanai a ext4, tsarin ajiye fayiloli a faifai, wanda saboda shi aka dakatar da fitar Debian 12.3 aka yi tsalle zuwa 12.4. Wi-Fi da ya maƙale ana ganinsa da ido, bayanan da suka lalace shiru suke yi. Wanda za ka zaɓa shi ne 6.1.0-13. Me kake da shi a `ls /boot`?

Mai Laftof: Akwai 13 da 15 kawai Hajiya. Na daɗe ban sabunta ba saboda data, 14 bai taɓa sauka ba.

Hajiya Admin: Alhamdulillah. Shiga 13. Kana shiga ka yi `apt-mark manual linux-image-6.1.0-13-amd64` domin kada autoremove ya share maka shi in sabo ya zo.

Ɗan Arch: Hajiya kin yi gaskiya a kan 14, ban san da shi ba. Amma wannan ya ƙara nuna abin da nake yawan faɗa a nan. Ana ce mana tsohon kanel mai dogon tallafi ya fi aminci, ga shi cikin mako guda matsala biyu, kuma duka biyun daga ɗauko faci ne daga sabon reshe a liƙa a tsoho. Na ext4 an ɗauko gyara an bar wani canji na iomap da ya dogara da shi. Na Wi-Fi an ɗauko gyara zuwa inda tsarin kwaɗo ya bambanta. Wanda ke kan sabon reshe ba ya ganin irin wannan.

Malam Na Saba: Ɗan'uwa, wane kanel ne a na'urarka a farkon makon nan? In 6.6.5 ne, matsalar Wi-Fi ɗin nan tana cikinsa, kalma da kalma. Shi ma reshen da ake ɗauko wa faci ne. Abin da ya sa Greg Kroah-Hartman, mai kula da waɗannan rassan kanel, ya fitar da 6.6.6 da 6.1.67 a rana guda, 11 ga Disamba, kowannensu canji ɗaya ne tak a ciki, janye wannan facin. Reshen da bai kamu ba shi ne na gwajin 6.7, kuma ban san wanda zai ɗora aikin ofis a kan kanel na gwaji ba.

Na yarda da rabin maganarka. Ɗauko faci yana da haɗari na musamman: facin zai iya shiga lafiya, ya haɗu lafiya, amma abin da marubucinsa ya ɗauka tabbas ne a reshensa ba haka yake a tsohon ba. Inda ban yarda ba shi ne cewa mafita ita ce gudun tsohon reshe. In aka daina ɗauko faci, gyaran tsaro ma ya tsaya. Kuma wannan kuskuren yana kan hanyar da sai direban da bai iya CQM ba ne ke bi, mai gwaji da katin da ya iya ba zai taɓa ganinsa ba ko da ya gwada sau dubu. Masu irin kayan da muke saya a kasuwa, ƙananan USB masu direban waje, su ne ya kamata su riƙa gwada kanel ɗin da ke proposed-updates, inda Debian ke ajiye sabuntawa kafin ta fitar wa kowa, suna kai rahoto. Mu ne muke da kayan da ke tono irin wannan.

Ɗan Arch: 6.6.5 ɗin ne, katina ne bai kamu ba. Amma har yanzu ina ganin adadin facin da ake turawa reshen dogon tallafi ya yi yawa. Da za a rage zuwa na tsaro da na manyan matsaloli, da irin wannan ya ragu.

Malam Na Saba: Wannan muhawara ce da su kansu masu kanel suke yi. Wahalar ita ce ba kullum ake gane gyaran tsaro a ranar da aka rubuta shi ba, da yawa sai daga baya ake gano cewa ramin da aka toshe ana iya shiga ta cikinsa.

Mai Sabar Makaranta: Ku yi haƙuri in shigo da nawa, ko duk abu ɗaya ne. Ni saba ce, babu Wi-Fi, kwantenoni nake gudanarwa. Wani lokaci in na tsayar da kwantena sai umarnin ya maƙale a D, dmesg kuma ya riƙa maimaita "unregister_netdevice: waiting for ... to become free. Usage count = 1".

Hajiya Admin: Alamar waje ɗaya ce, ciwon daban. Naka ba kwaɗo ba ne, ƙirga ce. Duk sashen kanel da ke amfani da katin netwok yana ƙara ɗaya a lissafin masu riƙe da shi, in ya gama ya rage. Wani ya ƙara bai rage ba, kanel kuma ba zai share katin ba sai lissafin ya sauka, shi ya sa yake maimaita saƙon duk daƙiƙa 10. Gwaji mai sauƙi: lokacin da abin ya faru, buga `ip a`. In ya amsa, RTNL a sake yake, ba irin na Mai Laftof ba ne. Tun 5.17 akwai zaɓin `CONFIG_NET_DEV_REFCNT_TRACKER` da Eric Dumazet ya shigar, yana nuna ainihin wurin da aka ɗauki riƙon ba a saki ba, amma sai ka haɗa kanel da shi a kunne. Buɗe sabon zare ka sa `uname -r` da cikakken saƙon, kada ya cakuɗe da wannan.

Ɗalibar Kwamfuta: Malam, a darasinmu an ce NFS, tsarin karanta fayilolin wata saba ta netwok, shi ma yana sa furoses a D in sabar ta ɓace, amma malaminmu ya kashe shi da -9 a gabanmu ya mutu. Ya aka yi?

Malam Na Saba: Domin akwai barci na uku. A 2008, cikin 2.6.25, Matthew Wilcox ya shigar da TASK_KILLABLE: barcin da sigina ta yau da kullum ba ta tashinsa amma ta kisa tana tashinsa. A `ps` shi ma D yake nunawa, shi ya sa ake ruɗewa. An mayar da yawancin jiran NFS zuwa wannan. Amma sai mai rubuta lambar ya zaɓe shi, ya kuma rubuta abin da za a yi in an katse jiran a tsakiya. Masu ɗaukar RTNL da kwaɗon wdev da `mutex_lock` na yau da kullum suke ɗauka, wanda ba ya sauraron kowace sigina. Don haka gwada -9 sau ɗaya a kan D ba laifi ba ne, gwaji ne. In bai mutu ba, maimaitawa ba ta ƙara komai, a tafi `/proc/LAMBA/stack`.

Mai Laftof: Na shiga 13, Wi-Fi yana aiki, sudo ma. Allah Ya saka muku da alheri. Na yi `apt update` na ga 6.1.0-16. In girka ko in zauna a 13?

Hajiya Admin: Girka. 16 shi ne 6.1.67, yana da gyaran ext4 kuma an janye facin Wi-Fi. Ka haɗa da `linux-headers-6.1.0-16-amd64`, sannan kafin ka sake kunnawa ka duba `dkms status` ka tabbata an gina direbanka don 16. In ba haka ba za ka tashi babu Wi-Fi kwata-kwata ka zaci matsalar ce ta dawo. In 16 ya zauna lafiya, cire 15 da `apt purge`, ka bar 13.

Ga wanda ba shi da 13 a na'urarsa kuma ya maƙale a 15: a GRUB danna e, a ƙarshen layin da ya fara da linux ƙara `module_blacklist=cfg80211`, sannan Ctrl+X. Na'urar za ta tashi babu Wi-Fi amma RTNL a sake, sai ka jona waya ta USB ko kebul ka sauko da 16. Wannan canjin na tashi ɗaya ne, ba ya zama.

Mai Kafe: Hajiya ni kuma ɗaya daga cikin na'urorin shago ta yi kwana a kan 14 kafin 15 ya zo. In yi mata fsck, binciken lafiyar faifai?

Hajiya Admin: Ka yi, amma kada ka dogara da shi. Matsalar ba ta taɓa tsarin faifai ba, abin da ke cikin fayil ta taɓa. Bayan rubutu na kai tsaye, wanda ake yi da O_DIRECT, kanel bai matsar da alamar wurin rubutu gaba ba, sai rubutu na gaba ya sauka a inda bai kamata ba. fsck zai ga komai daidai. Takardu da hotuna da burauza ba sa rubutu ta wannan hanyar. Abin dubawa shi ne rumbun bayanai, faifan na'urar kwaikwayo, ko duk manhajar da ka san tana rubutu kai tsaye. `journalctl --list-boots` zai nuna maka lokacin da na'urar ta yi a kowane tashi, `journalctl -k -b` da lambar tashin zai nuna kanel ɗin da ta hau. Duk fayil irin waɗannan da aka rubuta a wannan tsakanin, ka kwatanta shi da ajiyar da ka yi kafin ranar.

Mai Kafe: Akwai rumbun bayanan lissafin kwastomomi a kanta. Ajiyar ƙarshe ta ranar Juma'a ce.

Hajiya Admin: To ka tsayar da shi yanzu, ka kwafi fayilolinsa gefe yadda suke kafin ka taɓa komai. Sannan ka gudanar da binciken lafiyar teburi na rumbun, ka fitar da cikakken juji ka ga ko zai kammala ba kuskure. In ya nuna matsala, dawo da ta Juma'a ka shigar da na kwanakin da suka biyo baya daga littafin shago. Faɗa min wane rumbu ne in ba ka ainihin umarnin.